Ina binciken hada-hadar kuɗi ta waya da intanet ya dosa?

Ɗalibar Ilimi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema. Na fara digiri na uku a fannin tattalin arziki, kuma hankalina ya kwanta da hada-hadar kuɗi ta waya da intanet. Wata uku ke nan ina karatu, amma kullum kaina ƙara ɗaurewa yake yi. Wannan takarda ta ce kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin da ba gwamnati ce ke fitar da su ba, shi ne abin gobe, waccan ta ce kuɗin intanet na manyan bankunan ƙasashe, wata kuma ta ce ƙirƙirarriyar basira ce za ta haɗiye komai. Taken da na fara kai wa mai duba aikina shi ne tasirin buɗe asusun kuɗi na waya wajen rage talauci. Da ya karanta sai ya ce an nome wannan gonar tuntuni. Don Allah ina fannin nan ya fuskanta, kuma ina ne har yanzu ba a taɓa ba?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Malaminki bai yi ƙarya ba, amma gara ki san dalilinsa. Kusan shekara goma sha biyar tambaya ɗaya ce ta riƙe fannin nan: mutum yana da asusu ko ba shi da shi? Ƙididdigar Findex ta Bankin Duniya ta nuna kashi 51 cikin ɗari na manya ne ke da asusu a 2011, ya kai 76 a 2021, sannan 79 a rahoton 2025. To wannan tambayar ta kusa tsufa. Waccan ƙididdigar ta 2021 ita ce kuma ta nuna kusan kashi 35 na masu asusu a Indiya ba su taɓa shi ba tsawon shekara guda, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan ɗaya cikin uku na masu asusun waya ba sa iya amfani da shi sai wani ɗan uwa ko wakilin kamfani ya taimaka musu. Kin ga ke nan buɗe asusu daban, cin moriyarsa daban. Masu bincike sun koma tambayar wa ya amfana, da nawa, kuma idan abu ya lalace wa ke ɗaukar asara. Nan ne gonar take da faɗi.

Injiniya: Malam, a gafarce ni, ni a ganina wannan duk kallon baya ne. Ƙanwata, idan kina son aikin da za a karanta nan da shekara goma, ki duba hanyoyin biyan kuɗi da kansu. Indiya ta fito da UPI, tsarin biyan kuɗi nan take ta waya, a 2016, zuwa watan Agustan 2023 ya wuce hada-hada biliyan 10 a wata ɗaya. Burazil ta fito da irin nata, Pix, a Nuwamban 2020, cikin 'yan shekaru ya zama hanyar biyan kuɗi da aka fi amfani da ita a ƙasar. Singafo ta haɗa nata tsarin, PayNow, da na Tailan a 2021, ta haɗa da UPI a 2023. Ga kuma kirifto mai ɗaure da dala, wanda aka tsara kowane ɗaya ya tsaya a kan dala ɗaya, irin su USDT da USDC. Har yau aika dala 200 daga wata ƙasa zuwa wata yana cin kusan kashi 6 cikin ɗari a matsakaici, alhali burin da duniya ta sa wa kanta shi ne kashi 3 kafin 2030. Duk wanda ya warware wannan ya yi aiki.

Malam Mai Alli: Ai ba mu saɓa ba, Injiniya. Amma ka lura, kai ka lissafo mana yawan hada-hada ne. Yawa ba shi ne amsa ba, shi ne farkon tambaya.

Hajiya Mai Ƙididdiga: Bari in sa baki kafin a yi nisa, domin akwai abin da nake so 'yata ta fahimta game da waccan gonar da aka ce an nome. An nome ta, amma ba a gama gardama kan abin da aka girba ba.

M-Pesa, hanyar ajiya da tura kuɗi ta waya, ta fara a Kenya a 2007. William Jack da Tavneet Suri sun bi gidaje shekara da shekaru. A 2014 suka nuna cewa idan masifa ta faɗa wa gida, kamar rashin lafiya ko asarar aiki, abin da marasa M-Pesa ke kashewa yakan ragu da kusan kashi 7 cikin ɗari, masu ita kuwa ba ya raguwa, saboda taimako yana iso musu daga mutane da yawa kuma daga nesa. Wannan sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Sai a 2016 suka buga wani a mujallar Science cewa M-Pesa ta fitar da gidaje 194,000 daga talauci, wato kashi 2 cikin ɗari na gidajen ƙasar, kuma mata kusan 185,000 sun bar noma sun koma sana'a. Wannan adadin ya zaga duniya, babu taron da ba a ambace shi ba. A 2019 Milford Bateman da Maren Duvendack da Nicholas Loubere suka rubuta suka mai zafi. Suka ce an ƙirga waɗanda suka buɗe sana'a amma ba a ƙirga waɗanda tasu ta mutu ba, kuma ba a duba ko sabuwar mai sana'a ta ƙwace cinikin tsohuwa ne kawai ba, ballantana bashin da ya biyo baya.

Ba ina cewa su ne masu gaskiya a komai ba. Abin da nake so ki gani shi ne matsalar da ke ƙasan gardamar. Kamfani ba ya jefa wakilansa ta hanyar ƙuri'a. Inda yake ganin kasuwa za ta buɗe nan yake kai su. To idan arziki ya ƙaru a wurin, wakilin ne ya kawo shi, ko kuwa arzikin ne ya jawo wakilin? Masu binciken sun yi ƙoƙarin kawar da wannan shakkar, masu suka suka ce bai isa ba. Duk taken da za ki zaɓa, wannan tambayar tana jiran ki a bakin ƙofa.

Ɗalibar Ilimi: Na gode Hajiya. Wato sai na sami wani abu da ya faru wanda ba mutane ne suka zaɓa wa kansu ba?

Hajiya Mai Ƙididdiga: Madalla, kin kama. Shi ya sa mafi kyawun ayyukan baya-bayan nan suke rataye a kan wata girgiza, wato sauyin da ya faɗo wa mutane ba da zaɓinsu ba. A Nuwamban 2016 Indiya ta soke kusan kashi 86 cikin ɗari na takardun kuɗin da ke yawo, dare ɗaya. Nicolas Crouzet da abokan aikinsa suka duba, suka ga yankunan da ƙarancin kuɗin ya fi tsanani sun ci gaba da biya ta waya ko bayan takardun sun dawo, domin idan mai saye da mai sayarwa suka shiga tare, kowa yana riƙe ɗan'uwansa a ciki. Sean Higgins ya yi makamancin haka a Meziko, inda gwamnati ta raba katin banki ga masu karɓar tallafi kusan miliyan ɗaya, ba a lokaci guda ba, yanki bayan yanki. Ƙananan shaguna suka sayi na'urar karɓar kati, sai ga masu hali ma, waɗanda ba a ba su komai ba, sun ƙara amfani da kati sun karkata ga waɗannan shagunan. Ba wanda zai gano wannan ta hanyar tambayar mutum ko yana da asusu.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ina ta karantawa. Ni shekara talatin na yi ina duba takardun masu neman rance, saboda haka a nan zan tsaya. A zamaninmu sai ka kawo jingina da mai tsaya maka. Yanzu manhaja ce ke yanke hukunci cikin daƙiƙa, kuma ba ta san fuskarka ba, wayarka ta sani.

Akwai binciken Tobias Berg da Manju Puri da abokansu na 2020 a kan wani kamfanin sayar da kaya ta intanet a Jamus, ciniki kusan 250,000. Abubuwan da ba wanda zai ɗauka da muhimmanci, irin wayar da ka shigo da ita, iPhone ce ko Android, wane kamfani ne ke riƙe da imel ɗinka, da rana ka yi oda ko tsakar dare, sun iya hasashen wanda zai kasa biya daidai da makin hukumar tattara tarihin bashi. Idan aka haɗa biyun sai hasashen ya ƙara kyau. Masu murna suka ce ga hanya ta samu ga wanda bai taɓa shiga banki ba. Gaskiya ne. Amma ni abin ya tsaya mini a rai. Mai gadin dare da ba ya samun sukunin taɓa waya sai ƙarfe biyu, laifinsa me? Na'ura za ta zuba shi cikin kwando ɗaya da mai caca. Da ni ne na hana shi rance, zai iya tsare ni ya tambaye ni dalili, in ji kunya ko in kare kaina. Manhaja wa zai tsare?

Injiniya: Ranka ya daɗe, ai mutum ma yana zalunci, kuma nasa ba ya barin sawu. Binciken Robert Bartlett da Adair Morse da abokansu a Amurka ya nuna baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin suna biyan ruwa fiye da wasu a rancen gida, amma a wasu nau'o'in rancen bambancin ya fi ƙanƙanta a wajen kamfanonin da na'ura ke yanke hukunci. Na'ura aƙalla za a iya buɗe cikinta a bincika.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Wa zai buɗe? Kamfanin zai ce sirrin kasuwancinsa ne.

Malam Mai Alli: Ku biyun duka kuna kan hanya. Andreas Fuster da abokansa sun buga a 2022 cewa idan aka sauya tsohon lissafi da na ƙirƙirarriyar basira a rancen gida na Amurka, hasashe yana ƙara daidai, amma waɗancan rukunonin biyu su ne suka fi ƙarancin cin ribar sauyin. Wato na'ura ba sai ta ƙi ka ba kafin ta bar ka a baya. Ya isa ta ƙware wajen rarrabe mutane. A gefe guda kuma ga Togo. Lokacin korona gwamnati ta raba tallafi ta waya a shirin Novissi, aka yi amfani da bayanan kiran waya wajen hasashen wane ne matalauci. Emily Aiken da Joshua Blumenstock da abokansu suka auna, suka buga a mujallar Nature a 2022. Hanyar ta rage kuskuren tsallake mabukata da kashi 4 zuwa 21 idan aka gwada da zaɓe ta yanki, amma ta fi cikakkiyar rijistar gida-gida kuskure da kashi 9 zuwa 35. Irin wannan aikin nake so ɗalibai su kwaikwaya. Bai yi kirari ba, bai yi zagi ba, ya ce ga inda ta fi, ga inda ta gaza. Kuma wanda ba shi da waya kwata-kwata ba ya cikin lissafin.

Mai Karatu Shiru: Salamu alaikum. Ni ba mai bincike ba ne, shekara biyu ina zauren nan ban taɓa magana ba. Amma maganar rance ta taɓa ni. Na taɓa karɓar ƙaramin bashi a wata manhaja lokacin da matata take asibiti. Na makara da kwana huɗu. Ashe ranar da na sauke manhajar na ba ta izinin ganin duk lambobin da ke wayata, ban ma san na yi ba. Suka tura saƙo ga surukina da shugabana a wurin aiki cewa ni maci amana ne. Na biya kuɗin har da tara, amma har yau ban iya haɗa ido da surukina yadda na saba. A littafinsu ni nasara ce, tunda na biya. 'Yar'uwa, idan za ki yi bincike, ki nemo yadda za a ƙirga irina.

Ɗalibar Ilimi: Allah Ya ba ka haƙuri Yaya, Ya ƙara wa iyali lafiya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Hajiya Mai Ƙididdiga: Amin. Malam Mai Karatu Shiru, ka faɗi abin da takardu da yawa suka kasa faɗa. Binciken da aka yi kan M-Shwari a Kenya, rancen kwana talatin da aka fara a 2012 da cajin kashi 7.5 cikin ɗari, ya kwatanta waɗanda makinsu ya haye layin cancanta da kaɗan da waɗanda suka gaza da kaɗan. Masu samun rancen sun fi iya tsallake masifa ba tare da yanke wata buƙata ba. Sakamako ne mai kyau, kuma na yarda da shi. Sai dai wannan rance ne na banki mai lasisi. Ɗaruruwan manhajojin da suka biyo baya ba su da mai sa ido, har sai da Kenya ta gyara dokar babban bankinta a 2021 ta sa su neman lasisi. Abin da ya same ka ba ya fitowa a bayanan kamfani, domin shafin mutunci babu shi a jadawalinsu. Sai an je an zauna da mutane an tambaye su.

Injiniya: To na ji. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa batun kirifto da kuɗin manyan bankuna, kuma nan ne kuɗin bincike suke kwarara.

Malam Mai Alli: Suna kwarara kam. Binciken da BIS, bankin da ke haɗa kan manyan bankunan ƙasashe, ya yi a 2023 ya nuna kashi 94 cikin ɗari na manyan bankuna 86 da aka tambaya suna wani aiki a kan kuɗin intanet nasu. Amma dubi waɗanda suka fito da shi. Bahamas a 2020, Najeriya a Oktoban 2021, Jamaika a 2022, duk jama'a ba su rungume shi ba. Wata takardar Asusun Lamuni na Duniya ta 2023 ta ce kashi 98.5 na asusun eNaira, wato na Najeriya, ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. El Salbado ta mai da Bitcoin halastaccen kuɗi a Satumban 2021, ta ba duk wanda ya sauke manhajar Chivo kyautar dala 30. Fernando Alvarez da abokansa suka bi gida-gida, suka tarar mafi yawa sun daina amfani da ita bayan sun kashe kyautar. A farkon 2025 aka sassauta dokar. Takardun lissafi a kan abin da kuɗin babban banki zai yi wa ajiyar bankuna sun cika kabad. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayanin me ya sa Pix ya karɓu, waɗannan suka ƙi.

Injiniya: Wannan kam ina da amsa. Pix kyauta ne ga mutum, kuma babban bankin ya tilasta wa duk cibiyar da ke da asusu sama da 500,000 ta shiga. Ranar farko kowa yana ciki. Ba sabon kuɗi aka ce ka koya ba, kuɗinka ne na banki ya sami ƙafa. Amma kirifto mai ɗaure da dala daban ne, Malam. Ba wanda ya ba da kyauta, mutane da kansu suke neman sa, musamman inda kuɗin ƙasa ke zubewa. Turai ta yi masa doka, MiCA, Amurka ma ta yi tata a Yulin 2025.

Tsohon Ma'aikacin Banki: Ɗana, ɗaurin nan yakan kwance. TerraUSD, wadda ita ma aka ɗaure da dala, ta rushe a Mayun 2022. USDC da ake yaba wa ta faɗi ƙasa da santi 90 a Maris na 2023, saboda dala biliyan 3.3 na ajiyarta sun maƙale a bankin Silicon Valley na Amurka da ya durƙushe. Shi kansa bankin, dala biliyan 42 aka nemi cirewa a yini ɗaya. Mu a da, rububin cire kuɗi layi ne a bakin ƙofa, kana ganin sa, kana da kwana biyu ka nemi agaji. Yanzu jita-jita a kafar sada zumunta, yatsa a kan waya, kafin la'asar an gama. Saurin da kake yabo shi ne saurin da ke kashe banki. Dokokin ajiyar ko-ta-kwana an rubuta su ne da tunanin kwana talatin.

Injiniya: Wannan ban musa ba. Shi ma ai bincike ne.

Ɗalibar Ilimi: Akwai abin da ke damuna tun ɗazu. Kusan duk ayyukan da kuka ambata, bayanan daga kamfani ko gwamnati suka fito. Ni ɗaliba wa zai ba ni?

Hajiya Mai Ƙididdiga: Nan gizo ke saƙar, 'yata, kuma a ganina wannan ne babban ciwon fannin. Na taɓa shafe wata goma sha huɗu ina bin wani kamfani. Suka amince, muka sa hannu, na yi aikin. Da sakamakon ya nuna cajin makara ne ke kawo musu kaso mai tsoka na riba, kuma daga mutane ƙalilan masu maimaita makara, sai suka tuna da sharaɗin da ya ce ba a bugawa sai da yardarsu. Aikin yana cikin kwamfutata har yau. Ki yi tunanin irin nawa nawa ne a duniya. Abin da ake bugawa shi ne abin da mai bayanai ya yarda a gani, sai fannin gaba ɗaya ya karkata wajen labari mai daɗi ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Mafita ita ce ki nemi abin da ba ya buƙatar alfarmar kowa. Sauyin doka a bainar jama'a yake. Yuganda ta sa harajin kashi 1 a kan hada-hadar kuɗi ta waya a Yulin 2018, ta rage zuwa rabin kashi a kan cirewa kawai. Gana ta sa kashi 1.5 a Mayun 2022, ta rage zuwa 1 a 2023, ta soke a 2025. Sawa, ragewa, sokewa: girgiza uku a ƙasa ɗaya, kuma babban banki yana buga alƙaluma a kai a kai. Ko ki ɗauki damfara. Tun Oktoban 2024 Birtaniya ta wajabta mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa har fam 85,000, bankin mai turawa da na mai karɓa su raba asarar biyu. Shin bankuna sun ƙara tsaro? Mutane sun rage taka-tsantsan? An fara rufe asusun talakawa don gudun asara? Tambayoyi ne sababbi fil.

Malam Mai Alli: Na goyi bayan na damfara. Sai dai ki sani waɗanda aka cuta da yawa ba sa kai ƙara, don kunya ko don sun fid da rai. Alƙaluman hukuma ƙasa suke da gaskiya, dole ki haɗa da taki tambayar.

Injiniya: Ni dai har yanzu ina ganin za ki bar babban kifi. Indiya ta hana cajin 'yan kasuwa a UPI tun 2020, to wa ke biyan kuɗin gudanar da shi, kuma har yaushe? Amma idan damfarar kika zaɓa, ki saka tsarin biya nan take a ciki, domin kuɗin da ya tafi cikin daƙiƙa biyar ba ya dawowa. Burazil ta sa iyaka a kan Pix na dare a 2021 saboda masu tsare mutane su tilasta musu turawa. Wannan ma ranarsa sananniya ce.

Ɗalibar Ilimi: Allah Ya saka da alheri. Abin da zan kai wa malamina ranar Litinin shi ne: idan doka ta ɗauke asarar damfara daga kan mai asusu ta ɗora wa kamfani, me ke sauyawa, kuma a kan wa? Yaya Mai Karatu Shiru, idan ba damuwa, zan so ka duba mini tambayoyin kafin in fita da su, ba tare da sunanka ya fito ko'ina ba.

Mai Karatu Shiru: Ki turo. Kuma ki sa tambaya a kan wanda mutum ya fara gaya wa bayan abin ya faru. Ni wata uku ban gaya wa kowa ba.

Hajiya Mai Ƙididdiga: Ki sa ta, amma kada ta zo a farko. Sai mutum ya saki jiki tukuna. Kuma kafin ki tambayi ko mutum ɗaya, ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku, yakan ɗauki watanni. Ki turo mini daftarin in duba yawan mutanen da za ki buƙata.